Edmund da Alewar Matsafiya: Laifin Wane Ne?

Sa'ad da annabi Natan ya je wurin sarki Dawuda, da labari ya fara: wani attajiri ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci. Dawuda ya husata, ya yanke wa attajirin hukunci, bai san kansa yake yanke wa ba (2 Sama'ila 12). Hukuncin da muke yi wa mutanen cikin labari yakan tona abin da ke zuciyarmu. Da wannan a ranka nake so mu duba wani yaro na cikin littafin almara.

A shekarar 1950, C. S. Lewis, malamin jami'ar Oxford a Ingila, ya fitar da The Lion, the Witch and the Wardrobe, wato Zaki da Matsafiya da Kabad ɗin Tufafi. Yara huɗu 'yan gida ɗaya, Peter da Susan da Edmund da Lucy, an kwashe su daga Landan saboda bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu. Ta cikin wani kabad suka shiga ƙasar Narnia, inda Farar Matsafiya ke mulki. Ta gamu da Edmund shi kaɗai, ta ba shi alewa mai sihiri wadda duk wanda ya ɗanɗana ba ya ƙoshi, ta yi masa alkawarin sarauta in ya kawo mata 'yan'uwansa. Daga baya kuwa ya sulale ya je ya tona mata inda suke.

Masu karatu da yawa sukan wanke shi. Sukan ce yaro ne, kuma asiri ne ya ci shi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, gama bai san alewar tana da sihiri ba. Amma ka lura da tsarin labarin. Tun kafin ya ga Matsafiya, Edmund ya riga ya saba yi wa ƙanwarsa Lucy ba'a. Bayan ya ga Narnia da idonsa, ya dawo ya ce wa yayyensa wasa ne kawai suke yi, ya mai da yarinyar maƙaryaciya. Alewa ba ta sa shi wannan ba. Ƙeta ce kurum. Marubucin ya kuma nuna mana cewa a kan hanyarsa ta zuwa gidan Matsafiya yana ta lallashin kansa cewa ba za ta cuci 'yan'uwansa sosai ba, alhali can cikin ransa ya san muguwa ce. Abin da yake so shi ne ya taka wansa Peter. Sihirin ya tarar da ƙofa a buɗe, daidai da koyarwar Yakubu 1:14-15 cewa sha'awar mutum ce take jansa zuwa zunubi.

A nan littafin ya yi adalci. Bai ɗora wa yaron niyyar kisa ba, domin ba ta cikin zuciyarsa, bai kuma rage masa nauyin cin amana ba. Mu kuwa mun fi son hukunci mai sauƙi. In wani ya faɗi, mu ce dama mugu ne. In mu muka faɗi, mu ce aikin Shaiɗan ne, ko an yi mana asiri. Sau nawa ake jin wannan a zaman dattawan ikkilisiya?

Juyowarsa ma a hankali ta zo. Ranar da Matsafiya ta mai da wasu ƙananan dabbobi duwatsu suna tsakiyar biki, ranar ce Edmund ya fara jin tausayin wani ba kansa ba. Da aka cece shi, zakin nan Aslan ya keɓe da shi, ba wanda ya ji abin da suka faɗa, sa'an nan ya hana a tuna masa da abin da ya wuce. Matsafiya ta zo tana neman jininsa bisa ga tsohuwar doka. Aslan bai musa laifin ba, sai ya ba da ransa a kan Teburin Dutse a madadinsa.

Sai dai ina da gargaɗi ɗaya. Labarin yana iya sa ka zaci Matsafiya ce aka biya bashin. Kada ka ɗauki wannan ka kai kan gicciye. Jinin Almasihu ba diyya ba ce da aka miƙa wa Shaiɗan. Ga Allah ya miƙa kansa (Ibraniyawa 9:14). Almara takan haska wani gefen gaskiya, amma Littafi Mai Tsarki ne ma'auni.

A ƙarshe Edmund ne ya karya sandar Matsafiya a fagen yaƙi, kuma da ya hau gadon sarauta da adalci aka san shi. Wanda aka yafe wa babban laifi ya fi iya auna laifin wani. Kafin ka rufe shafin nan, tambayi kanka wace alewa ce kake ɗora wa laifin da zuciyarka ta zaɓa, kuma wane ɗan'uwa ne ya tuba kake ta tuna masa da jiya. Ubangiji ya ba mu gaskiyar furta namu zunubi, da jinƙan yafe na waɗansu. Amin.