Sharhi a Kan Ma'aunin da Ake Koyarwa a Kwas ɗin Gyaran Furuci

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu yi nazarin abu guda a cikin kwas ɗin da ake ba ɗaliban jami'a a kan matsalolin magana, kamar in'ina da tsamin baki, wato ma'aunin da ake ɗora su a kai domin su gane mai larura.

Tushen Kwas ɗin

Wannan fanni ya kafu sosai a Amurka. Lee Edward Travis na Jami'ar Iowa ya fitar da littafinsa a 1931, sannan Charles Van Riper ya biyo da nasa a 1939. Ra'ayin Van Riper shi ne, ana ɗaukar magana ta sami tawaya idan ta yi nisa da ta sauran jama'a har ta ja hankali, ko ta hana fahimta, ko ta sa mai ita cikin damuwa. Mun yarda da wannan bayani, domin ya mai da al'ummar mai magana ita ce alƙali.

Inda Gizo Ke Saƙa

Matsalar tana wajen aiwatarwa. Gwajin furuci na Goldman da Fristoe, wanda ya fito a 1969, ana nuna wa yaro hotuna ne ya faɗi sunayensu, kuma an gina shi a kan sautukan Ingilishi da yaran Amurka. Ɗalibin da ya haddace shi, idan aka kawo masa yaro Bahaushe, zai iya yin kuskure iri biyu.

Na farko, zai ga cuta inda babu. Yaron da ya sauya p da f a kalmar Ingilishi, tsarin harshensa ya bi, domin Hausa ba ta bambanta ma'ana da su. Haka nan Basakkwacen da ya ce hwata maimakon fata, karin harshen garinsu ne.

Na biyu, cuta za ta wuce shi bai gani ba. Gwajin bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, alhali ƙ ce ta raba baƙi da baki. Bai auna tsawon wasali, wanda ya raba garin tuwo da garin Kano. Bai kuma kula da karin sauti, wanda ya raba kukan yaro da kukar miya.

Illar ba ƙarama ba ce. Lafiyayyen yaro zai tashi da tambarin naƙasa, mai larura kuwa a sallame shi a shekarun da gyara ya fi sauƙi.

Kammalawa

Ba mu ce a jingine waɗannan littattafai ba. Shawararmu ita ce, duk ɗalibin da zai yi aiki da Hausawa a wajabta masa darasin tsarin sautin Hausa da karorinta kafin ya fara gwada yara. Sannan malaman harshe da na ilmi na musamman su haɗa gwiwa su tsara gwaji da kalmomin da yaro ke ji a tsakar gida.