Sharhi Kan Koyar da Kwamfuta Hasashen Gudun Iska a Bututun Gwajin Jirage

1.0 Gabatarwa

Tun shekarar 1901, lokacin da 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka gwada ƙananan fukafukai cikin akwatin iska a garin Dayton na Amurka, maƙeran jirage suke dogara ga bututun gwaji, inda ake kafa samfurin jirgi a hura masa iska. Manufar wannan takarda ita ce mu auna da'awar masu cewa kwamfuta, in an koyar da ita da bayanan gwaje-gwajen baya, za ta iya faɗin gudun iskar kafin ya auku.

2.0 Tushen Matsalar

Da lambar Mak ake auna wannan gudu, watau gudun iska a raba da gudun sauti, wanda yake kimanin mita 340 a daƙiƙa. Gano lambar ba wuya: akan kwatanta matsin iska mai tafiya da matsinta in an tsayar da ita, kuma idan na farko ya zama 0.528 na na biyu, to an kai Mak 1. Wahalar tana wajen riƙe ta daram. A bututun da ke shan iska daga tanki, matsi yana raguwa muddin ana gwaji, samfurin yana karkata yana tare hanya, sannan in an murɗa bawul sai an jinkirta kafin a ga tasirinsa. Wannan jinkiri ya sa ake neman hasashe. Alal misali, masana a ƙasar Sin sun gwada dabarar kurmin bishiyoyin hukunci a kan bayanan bututu mai faɗin mita 2.4 da ke Mianyang.

3.0 Sharhi

Mun yarda cewa dabarar tana kama dangantakar da lissafin hannu ba ya kamawa cikin sauƙi. Sai dai muna da ja a wurare uku.

Na farko, yadda ake jarraba ta. Ma'aunai suna ɗaukar bayani sau da yawa a daƙiƙa, saboda haka kowane awo kusan tagwai ne da na kusa da shi. Idan aka cakuɗa awon gwaji guda, aka koyar da wani kashi aka jarraba da sauran, tamkar an nuna wa ɗalibi takardar jarrabawa ne tun da jajibere. Kamata ya yi a ware gwaje-gwaje sukutum, waɗanda kwamfutar ba ta taɓa gani ba.

Na biyu, iyakar saninta. Kurmin bishiyoyi matsakaicin amsoshin da ya koya yake bayarwa, don haka ba ya iya faɗin lambar da ta zarce waɗanda ya gani. Alhali kuwa dab da Mak 1 ne iska take sauya hali, tana yin karo mai tsanani a jikin samfurin, har bututun ya shaƙe. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Na uku, abin gwadawa. Cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, ko wanda ya ce gudun zai tsaya yadda yake zai yi kusa da gaskiya. Duk dabarar da ba a nuna ta fi wannan sassauƙan zato ba, ƙanƙantar kuskurenta ba hujja ba ce.

4.0 Kammalawa

A ganinmu, a bar dokokin kimiyyar iska su zama ginshiƙi, a ɗora wa kwamfuta koyon ragowar da suka kasa bayyanawa. Hukunci na ƙarshe kuwa sai an haɗa ta da bawul an ga ta daidaita gudun, domin awon da aka ɗauka a gudun da bai zauna ba, shi za a gina fiffiken jirgin fasinja a kansa.