Kundin Alƙaluman Kimiyya na CRC da Matsalar Kalmar "Narkewa"

Littafin da za mu duba a nan, watau CRC Handbook of Chemistry and Physics, ba irin wanda ake karantawa daga bango zuwa bango ba ne. Kundi ne na jadawaloli wanda masu bincike ke ajiyewa a ɗakin gwaje-gwaje, su buɗe shi in suna neman nauyin wani sinadari, ko zafin da yake tafasa a kai. Wani kamfanin sayar da kayan roba na Cleveland a Amurka ne ya fara buga shi a 1914, yana da shafi 116 kacal. A 2019 aka fitar da bugu na 100, shafukansa sun haura dubu.

Babban abin yabo gare shi shi ne ba ya sakin adadi haka kawai, sai ya ɗaure shi da sharaɗi. Sai dai kuma sharuɗɗan nan a kan jadawali ko a ƙarƙashinsa ake tura su cikin ƙananan baƙaƙe, inda idon mai gaggawa ba ya zuwa. Yawancin alƙaluman an auna su ne a zafin digiri 20 ko 25. To, sinadarin ita yana tafasa a wajen digiri 35, zafin da Sakkwato kan wuce a watan Afrilu. Haka nan ruwan da aka ce yana tafasa a digiri 100, a Jos bai kai nan ba, wajen 96 yake tafasa saboda tudu. Littafin bai yi ƙarya ba, amma ya ɗauka mai karatu ya san da wannan.

Abin da ya fi shafar mu masu nazarin harshe shi ne ranar da za a so fassara irin wannan kundi. Bahaushe yakan ce dalma ta narke a wuta, ya kuma ce gishiri ya narke a ruwa. Fi'ili ɗaya ne, alhali littafin ya ware wa kowanne gurbinsa, domin al'amura biyu ne mabambanta. Gishiri kansa yana da duka biyun: wuta ba ta narkar da shi sai ta kai digiri 801, amma giram 36 nasa kan narke cikin giram 100 na ruwa ba tare da an hura wuta ba. Idan mai fassara ya rubuta "narkewa" a kan gurabun biyu, ɗalibi ya shiga uku. Kalmar "nauyi" ma haka take, don tana ɗauke da ma'anoni aƙalla uku waɗanda masana kimiyya suka raba.

A ganinmu aron kalmar Turanci a nan gaggawa ce. Hausa tana da "jiƙa", tana da "dama", tana da "zubi" na maƙeran fari, kuma ya kamata a fara zama da maƙera da marina a ji yadda suke rarrabe waɗannan ayyuka a bakin aikinsu kafin kwamiti ya zauna ƙirƙirar kalma.