Jarumi Ba Ya Cewa "Munka": Finafinai da Waƙoƙi a Bakin Ɗaliban Kabi

Duk lokacin da aka tayar da zancen finafinai da waƙoƙin da ɗaliban sakandare ke so, muhawarar ba ta wuce kalma guda, wato tarbiyya. Iyaye su ce rawa ta yi yawa, malamai su ce waya ta cinye lokacin karatu, masu wa'azi su ce kunya ta yi ƙaura. Kowane ɗaya da gaskiyarsa, sai dai an juya maganar har ta zama tsohon kwabo, hannu ya goge zanen jikinta. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Shekarar karatu ta 2022/2023 na yi ta ina koyar da Hausa a wata sakandare mai ɗaliban kwana da 'yan jeka-ka-dawo a Birnin Kebbi, ƙarshen mako kuma in koma gida Argungu, inda ƙannena ke manyan azuzuwa. Tsakanin garuruwan biyu na saurari abin da yaran ke rerawa da abin da suke kallo, na kuma cimma matsaya cewa waɗannan ayyukan fasaha suna koya wa ɗan Kabi, ba tare da wani ya ƙudurta haka ba, cewa labari mai daraja a wani gari yake aukuwa, kuma da wani karin harshe ake faɗar sa.

Zangon farko na Ado Gwanja ne. Waƙoƙinsa biyu, "Warr" da "Chass", su ne a bakin masu shara da safe, su ne a layin ɗaukar abinci, sai "Buga" ta Kizz Daniel da ke leƙowa duk ranar da aka fita filin wasanni. An yi ta kukan cewa habaicin Gwanja ya yi kaifi, kuma ban ce kowace kalmarsa ta dace da bakin yarinya 'yar shekara goma sha biyar ba. Amma mai nazarin adabi ya san habaici da zambo ba jiya aka haife su ba. Gwanja magajin dandalin matan biki ne, dandalin da Barmani Choge da Uwaliya Mai Amada suka riƙe da ƙwarya da kaifin baki. Mu kuwa mutanen Kebbi mu ne na ƙarshe da ya kamata mu yi mamaki, domin daga Fagada ta ƙasar Maiyama Muhammadu Gambu ya fito, wanda ya yi suna da waƙar ɓarayi, kuma yau jami'o'i na nazarin hikimarsa. Inda nake ganin rauni a waƙoƙin Gwanja na wannan shekara shi ne gininsu. An sassaƙa su gunduwa-gunduwa, kowace gaɓa daidai tsawon bidiyon TikTok, ta yadda za a iya cire ɗiya daga tsakiya a jefa a farko ba tare da an yi asarar komai ba. Habaicin ba shi da wanda aka nufa, shi ya sa kowa ke iya ara ya jefi abokin gabarsa. Wannan ne sirrin yaɗuwarsu, shi ne kuma dalilin da kafin hutun Disamba sun fara sanyi a bakin yara.

Fim ya fi waƙa daɗewa a zuciyarsu, kuma hanyar da yake shiga makaranta abin nazari ce. An hana ɗaliban kwana riƙe waya. 'Yan jeka-ka-dawo su ke kallon sabon kashi a gida, ko dai ta YouTube ga mai kuɗin data, ko a karɓo a shagon masu turi a raba wa juna ta Xender. Washegari sai wanda ya kalla ya zauna a tsakiya, sauran su kewaye shi, ya kwashe labarin tun daga farko yana kwaikwayon muryoyi. Da dare wanda ya ji ya isar wa 'yan ɗakin kwana. Na ga ɗalibai da suka san kowane lungu na rikicin Umar Hashim da Hafsat a cikin "Izzar So" alhali rabonsu da ganin fuskar Lawan Ahmad tun hutun da ya wuce. Fim ya koma adabin baka ke nan, ya gaji gurbin tatsuniya, har da gwanayen ba da labari da ake rububinsu.

Shirye-shirye biyu ne suka mamaye wannan zama, "Izzar So" da "Labarina" na Aminu Saira, dukansu sun faro ne a 2020. Na fahimci abin da ya ja yara gare su. Umar Hashim talaka ne mai gaskiya da ilimi a cikin kamfanin masu kuɗi, kullum ana ƙulla masa sharri, kullum yana fita. Ɗan da ubansa ya sayar da buhun shinkafa ya biya masa kuɗin jarrabawa dole ya ga kansa a jikin wannan mutum. Aibin shirin shi ne jarumin ya cika tsarki, ba ya kuskure, ba ya shakka, bakinsa kuma ya fi kama da mumbari. "Labarina" ya fi shi ƙwarewar ɗauka da zurfin halayya. Baba Ɗan Audu, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa, uba ne mai son abin duniya da kake jin haushinsa kana dariya, kuma irinsa ne yara suka fi iya kwaikwayo, alamar an gina shi da nama da jini. Amma shi ma shirin ya kamu da ciwon dogon zango, inda ake jan zare don kada kasuwa ta watse, har canjin jaruma mai fitowa a matsayin Sumayya ya zama abin da ɗalibaina suka fi tattaunawa fiye da makomar Sumayyar kanta.

A wurin wannan ba da labari ne na ji abin da ya sa ni rubutun nan. Yaron Argungu idan yana bayanin abin da ya faru, da harshen gidansu yake yi. Zai ce "sad da sunka iso", ya ce "yat tahi", ya tambayi mai katse shi "mi kaka nuhi?" Da zarar ya zo kan maganar jarumi, musamman inda yake bayyana soyayya ko yake kare mutuncinsa, sai harshen ya juye gaba ɗaya ya koma na Kano, "suka" ta kori "sunka", "f" ta dawo mazauninta, murya ta yi laushi. Idan kuwa aka zo kan mai gadi ko wani baƙauye da aka saka don ban dariya, sai ya saki Kabancinsa har ya ƙara masa gishiri, 'yan'uwansa na tuntsira dariya. Babu wanda ya umarce shi. Kunnensa ne ya koyi rabon aikin daga abin da ya saba ji: wannan karin na jarumta da ƙauna ne, wancan na raha. Wasiƙun soyayya da akan kama a aji ma haka suke, cike da kalaman Hamisu Breaker da Umar M. Shareef, ba ka samun "wanga" ko "shina" ko sau ɗaya.

Ba na ɗora wa Kano laifin makirci. A can masana'antar ta tsiro, tun daga "Turmin Danya" a 1990 zuwa "Sangaya" da ta buɗe ƙofar rawa da waƙa, a can jari yake, a can kasuwa take, kuma daidaitacciyar Hausa da ni kaina nake koyarwa a kan karin Kano aka fi gina ta. Abin da ke ba ni takaici shi ne juyin da aka samu cikin zamani ɗaya. Manyan waƙoƙin fada da Bahaushe ke tinƙaho da su da Hausar yamma aka yi su. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi wa sarakunan Kabi waƙa a Argungu kafin gidansa ya kafu a Yawuri, duk da "munka" da "sunka" suka gina martabar sarakuna. Harshen da ya ɗauki nauyin sarauta da yaƙi shi ne yau aka bar wa mai gadi. Ranar da na saka wa 'yan aji shida waƙar Sani Aliyu Ɗandawo a darasin waƙoƙin baka, sun fahimci kalmomin ba tare da na fassara ko ɗaya ba, gatan da ɗalibin wata nahiyar sai ya sha wuya kafin ya samu. Duk da haka murmushin jin kunya suka riƙa yi, irin na wanda kakarsa ta biyo shi makaranta.

Zango na biyu ya faɗo cikin zaɓen 2023 da ƙarancin takardun naira, sai waƙoƙin siyasa suka danne komai, na Dauda Kahutu Rarara a gaba. Ba zan daɗe a nan ba. Abin lura kawai shi ne yaran da ba su isa jefa ƙuri'a ba, waɗanda ake cewa ba sa iya haddace baiti biyar na rubutacciyar waƙa, sun haddace jerin sunaye da kirari na minti goma ba tuntuɓe. Ƙwaƙwalwar tana nan, abin da aka zuba mata ne take riƙewa.

Bayan harshe sai wuri. Fim ɗin "Mansoor" na 2017, wanda Ali Nuhu ya ba da umarni, har yanzu yana yawo a wayoyin ɗalibai domin a makarantar sakandare soyayyarsa ta faro. Amma makarantar ta 'ya'yan masu hali ce, babu layin famfo, babu aji mai ɗalibai fiye da kujeru. Finafinan Indiya da ake fassarawa, irin na Algaita, sun ƙara nisan tafiyar. Yaron da ya tashi a bakin Matan Fada, wanda ya san ƙamshin fadama lokacin yankan shinkafa, ya san abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gonar gidansu, bai taɓa ganin ɗaya daga cikin waɗannan a shirye-shiryen da yake bi ba. Alhali ƙasar nan cike take da labari. Ga Kanta da ganuwar Surame. Ga faɗuwar Birnin Kebbi a 1805 da doguwar gaba tsakanin Kabawa da daular Usmaniyya, gabar da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu zuwa Argungu a 1934 ta rufe, ziyarar da ta haifi bikin kamun kifi wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2016. Idan kuma na yau ake so, ɗaliban kwana a jihar nan sun kwana da fargabar abin da ya sami 'yan'uwansu na Birnin Yawuri a watan Yunin 2021. Kyamara takan zo Argungu ranar biki, ta ɗauki dubban masunta da gora da homa suna rugawa cikin ruwa, ta koma. Masuncin a wurinta abin kallo ne, ba ta taɓa bin sa gida ta ji yana da 'ya mai son wani ba.

Za a iya ce mini fasaha ba madubi ba ce, kuma yaro na da haƙƙin ya yi mafarkin abin da ba shi da shi. Na yarda. Za a kuma iya cewa waɗannan finafinai sun yi wa Hausa hidima, kuma shaida na gabana: ɗalibaina 'yan ƙasar Zuru da Zabarmawa da Fulani da yawa a bakin Ali Nuhu suka gyara Hausarsu, kuma hakan ya taimake su a takardar jarrabawa. Ban raina wannan riba ba. Amma mafarkin da kullum sai ka tuɓe harshenka da garinku kafin ka shige shi yana da tsada, kuma mai biyan kuɗin yaro ne da bai san ana cirar komai daga aljihunsa ba.

A zango na uku, bayan an kammala jarrabawar WAEC, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar ta shirya wasa don bikin yaye ɗalibai. Su suka rubuta abinsu, kuma na yi murna da na ga sun zaɓi labarin gida: ɗiyar wani masunci da ta ci jarrabawa, uban na son aurar da ita, wani matashin malamin asibiti na son ta ci gaba da karatu. Yarinyar da ta fito a matsayin ɗiyar 'yar Argungu ce gaba da baya, haka ma yaron da ya fito a matsayin uban. Uban ya yi magana da Kabanci tsantsa, kuma duk da cewa kalaman da aka rubuta masa na baƙin ciki ne, na mutumin da ruwa ya daina ba shi abin da zai ciyar da gida, zauren dariya ya riƙa yi tun kafin ya rufe baki. Ɗiyar da ya haifa, wadda a labarin ba ta taɓa fita garin ba, da Kananci ta amsa masa daga farkon wasan har ƙarshe, kuma ita aka yi wa tafi.