Ushiri da bashi a wuya: mu duba wannan wa'azi

Ya kai mai karatu, akwai wani wa'azi da ya yi yawa a majami'u, a rediyo da cikin wayoyin salula. Ana ce wa Kirista ya fitar da ɗaya cikin goma na duk abin da ya samu, ko da bashi ya kai masa iya wuya. Wannan ɗaya cikin goma shi ake kira ushiri, wasu kuma su ce zakka. Mai wa'azi yakan ce: ba Allah nasa tukuna, shi zai biya maka bashin. Yakan ƙara da cewa wanda ya hana ushiri ɓarawo ne, la'ana na bin sa. Zo mu zauna mu auna maganar nan kamar yadda ake auna hatsi da tiya, mu ga ko ta cika.

Kusan kullum daga wuri ɗaya ake ɗauko ta, wato littafin Annabi Malakai, sura ta 3, aya ta 8 zuwa ta 10. A nan Allah ya zargi Isra'ilawa da cewa sun cuce shi wajen ushiri. Ya umarce su su kai shi ɗakin ajiya don a samu abinci a Haikali, ya kuma yi alkawarin albarka. Wannan yana nan a rubuce, ba mai musu. Amma da wa ake magana? Da mutanen da suka komo daga bauta a Babila, fiye da shekara 400 kafin haihuwar Yesu Almasihu. Cikinsu akwai kabilar Lawi, masu hidimar Haikali, waɗanda ba a ba su rabon ƙasa ba. Ushiri shi ne abincinsu. Littafin Nehemiya sura ta 13 ya nuna abin da ya faru da aka daina kawo shi: Lawiyawa suka bar aikin Haikali suka tafi gonaki neman abin da za su ci.

To, mai wa'azi ya fara karatu daga aya ta 8. Me ya hana shi farawa daga aya ta 5? A wannan aya Allah ya ce zai yi shari'a da masu danne hakkin ɗan ƙwadago, da masu zaluntar gwauruwa da maraya. Sura ɗaya ce, annabi ɗaya ne. Idan bashin da ke kanka kuɗin ƴan barema ne da suka yi maka noma, ko jarin wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ka ɗauki kuɗin ka kai majami'a ka bar su suna sintiri ƙofar gidanka, ka tsere wa aya ta 8 ka faɗa cikin aya ta 5.

Dokar ushiri kanta ba yadda ake faɗin ta take ba. A Littafin Firistoci sura ta 27, ushiri na amfanin gona ne da ƴaƴan itace da dabbobi. Dabbobi kuwa ƙirga su ake yi suna wucewa, ta 10 ita ce ta Allah. Ke nan mai awaki 9 babu abin da zai fitar. A Maimaitawar Shari'a sura ta 14, akwai ushirin da mai gona da iyalinsa suke ci da kansu wurin idi. Kowace shekara 3 kuma ana tara ushiri cikin gari don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Sura ta 15 da ke biye ta ce kowace shekara 7 a yafe wa ɗan'uwa bashi. Ka ga dokar da ta ce a kawo ushiri, ita ce ta ce a saki mai bashi. Ban cika jin ana wa'azin wannan rabin da ƙarfin murya irin na wancan ba.

Yanzu mu yi lissafi, tun da mun koyi lissafi. A ce manomi ya samu dame 40 na hatsi da kaka. Da damana ya ci bashi wurin ɗan kasuwa, zai biya dame 12. Gidansa na cin dame 3 a wata. In ya biya bashi, saura 28. In ya fitar da ushiri dame 4, saura 24, wato abincin wata 8. Dame 4 ɗin nan abincin kwana 40 ne. Kwanakin kuma za su faɗo daidai lokacin shuka da noman farko, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Sai ya koma wurin ɗan kasuwan nan. In sharaɗin shi ne a ci 1 a biya 2, dame 4 sun zama 8 da kaka mai zuwa. Wa ya ci ribar wannan ushiri? Majami'a ta samu 4, mai ba da bashi ya samu 4 a bisa nasa, manomi kuwa ya matsa kusa da jinginar da gona.

Masu wannan wa'azi suna da hujja, kada mu yi musu rashin adalci. Suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. In an ce sai wanda ba a bin sa ko dala zai bayar, majami'a za ta rufe. Gaskiya ne. Faston ƙauye ba albashin gwamnati yake ci ba, shi ma yana da iyali. Tun da mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, an daɗe ana aiki da kuɗin da ke zuwa daga waje. Majami'ar da ke so ta tsaya da ƙafarta dole ƴaƴanta su ɗauke ta. Suna kuma kawo labarin gwauruwar nan ta Markus sura ta 12, wadda ta saka ƴan kuɗinta 2, iyakar abin da take da shi, Yesu ya yabe ta. Amma lura, nata ta bayar. Ba a ce ana bin ta bashi ba. Ayoyin da suka gabaci labarin kuma suna tsawata wa malaman da ke cinye gidajen gwauraye.

Akwai wata gwauruwa da ake bi bashi, a Sarakuna na 2 sura ta 4. Mijinta mai tsoron Allah ne, ya mutu ya bar bashi, mai bashi ya zo zai kwashe ƴaƴanta 2 su zama bayi. Annabi Elisha ya sa ta aro tuluna, ɗan man da take da shi ya yi ta zuba har suka cika. Me ya ce ta yi da man? Ta sayar, ta biya bashi, ita da ƴaƴanta su ci sauran. Annabi ne, yana da almajirai masu bukata, amma bai ce ta kawo masa tulu 1 cikin 10 ba. Zabura ta 37 ta kira mai cin bashi ya ƙi biya mugu. Manzo Bulus a Romawa sura ta 13 ya ce a ba kowa hakkinsa. A wasiƙarsa ta 2 zuwa ga Korintiyawa, sura ta 8 da ta 9, ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, a kuma bayar da farin ciki, ba dole. Hatsin da ka yi alkawarin biya da kaka, yana rumbunka amma ba naka ba ne.

Wa'azin nan ya yi tafiya mai nisa kafin ya iso mu. A Amurka akwai wani mai shirin rediyo, Dave Ramsey, da ke koya wa mutane fita daga bashi. Shi kansa ya karye a 1988. Shawararsa ita ce a ci gaba da ushiri ana biyan bashi. Sai dai yawancin masu sauraronsa ƴan albashi ne, bashinsu na banki ne, ana biya kaɗan-kaɗan kowane wata. Ƙasarsu ma tana da doka tun 1998 mai kare kyautar da wanda ya karye ya ba majami'a, har kashi 15 cikin 100 na samunsa na shekara. Manomin Tsibiri ko na Madawa ba shi da wata doka irin wannan. Mai bin sa bashi maƙwabcinsa ne, kullum suna haɗuwa a bakin rijiya.

Wasu manyan masu wa'azin ma sun janye. A 2022 wani fasto na Amurka, Creflo Dollar (sunansa ma sunan kuɗin ƙasarsu ne), ya tsaya gaban jama'arsa ya ce abin da ya koyar a kan ushiri ba daidai ba ne, a zubar da littattafansa da kasa-kasansa na wannan magana. A 2024 Fasto Enoch Adeboye na Nijeriya, shugaban majami'ar Redeemed, ya nemi gafara don ya taɓa cewa wanda ba ya ba da ushiri ba zai shiga sama ba. Ya ce wannan ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Sun janye a birni, amma tsohon wa'azin na nan yana yawo daga waya zuwa waya a ƙauye.

Maƙwabta Musulmi sun san irin wannan tambaya. A mazhabar Malikiyya bashi yana kayar da zakkar kuɗi, amma ba ya kayar da ta hatsi da ta dabbobi. Sai dai akwai nisabi: wanda amfaninsa bai kai ba, ba ya fitarwa. Wanda bashi ya danne kuma yana cikin mutum 8 da ake ba zakka. Wa'azin da muke dubawa ba shi da nisabi. Mai dame 400 da mai dame 10 duk ma'auni ɗaya ake ɗora musu, wannan kuwa shi ne babban aibinsa.

A ganina bashi iri-iri ne. Wanda ya ci bashin babur ko na biki, yana biya a kan lokaci, gidansa na cin tuwo, kada ya fake da bashi ya hana majami'a. Shi wa'azin Malakai ya dace da shi. Amma wanda ranar biyansa ta zo, ko wanda yunwa ta sa ya ci bashi, ya fara sallamar mai bin sa. In ba zai iya duka ba, ya je da ƙafarsa su yanke rana, a rubuta a takarda gaban shaidu. Ya ba majami'a abin da ya iya, ko tiya 1 ce, ko yinin aiki a gonar majami'a, ko yaɓen katanga kafin ruwa ya sauka. Dattawan majami'a su ma suna da aiki: su ware wani kashi na hatsin ushiri a rumbu don masu shiga bashi da damana, su kuma karanta wa jama'a lissafin abin da ya shigo da inda ya tafi.

Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932. Da can sai abin da aka karanta maka kake ji. Yanzu ka iya karatu. Sura ta 3 ta Malakai ba ta da tsawo, za ka gama ta kafin a sauke tuwo. Ka aro littafin in ba ka da shi, ka fara daga aya ta 5.