Jinjina ga Malaman 'Yan Sikawut

Yaro ɗan shekara 13 wanda ko kwanon abincinsa ba ya wankewa a gida, sai ka same shi a sansanin 'yan sikawut yana kafa tanti, yana hura wuta da ƙirare, yana raba wa abokansa abinci daidai wa daida. Wannan canji akwai masu zuba gumi a bayansa.

Tun 1907 da Baden-Powell, wanda ya kafa harkar sikawut, ya kai yara 20 tsibirin Brownsea a Ingila, har harkar ta iso Nijeriya a 1915, malamai 'yan sa-kai ne ginshiƙinta. Su ke zuwa duba daji kafin ranar tafiya, su gano inda ruwa yake, su lallashi iyaye masu fargaba. Da dare yara na sharar barci, su kuwa suna zagaye da tocila saboda kunama da maciji. Gari na wayewa su koya musu ƙulla igiya, karanta taswira da ɗaure rauni.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye, idan malamin sikawut ya zo neman izinin ɗanku, ku karɓe shi hannu bibbiyu.