San yumɓu da zayyanar allo

A ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Buza da Keita, akwai yara da dama da ba su shiga lakwal ba. Karatunsu a zaure ne, gaban mahaifi ko malamin allo. Akan ce ba su da darasin zane, kuma in an tashi kare su, sai a nuna zayyanar allon sauka. Zayyana abin kallo ce, sai dai gwani ke tsara ta, yaro ɗauka kawai yake yi. Haka tabarmar kaba ta Madawa: yarinya hannun uwarta take bi.

Abin da yaro ya ƙaga da kansa yana bakin fadama. Can yake murza yumɓu ya gina sa, ya yi masa tozon da ya fi kai girma, domin tozon ne ya burge shi. Can yake fere karan dawa ya haɗa mota, ya labta mata tsakuwa a madadin buhunan albasa. A Keita, inda aikin raya karkara na 1984 ya kawo manyan motocin jigilar duwatsu, bai rasa abin dubawa ba.

Illar tana zuwa ne ranar nuni. Malamai da ƙungiyoyin al'adu sun fi son abu tsaf, sai wa ko kawu ya karɓa ya "gyara": ya rage tozon, ya daidaita ƙahonni. San ya yi kama da na makiyayi, yaron kuwa ya tsaya gefe yana kallon aikin wani.